Baƙin Malam Almu

A tashar motarmu ta Kankara akwai wani ɗan ɗaki bayan ofishina, mai taga ɗaya da ƙofar ƙarfe. A cikinsa akwai wata baƙar na'ura a kan benci, da batura a ƙasa da ke shan wuta daga sola, da wata tsohuwar fanka da ke kaɗa mata iska. Mai kula da ita shi ne Malam Almu. Ni ne akawun ƙungiyar direbobin, bango ɗaya ne ya raba mu, don haka yawancin abin da zan faɗa a kansa na gani da idona, sauran kuma daga bakinsa na ji.

Haifaffen Pauwa ne. Mahaifinsa manomin dawa da masara ne, mai 'yan tumaki. Tun yana saurayi Almu ya shigo Kankara ya koyi gyaran waya a wata rumfa, daga nan ya yi makarantar fasaha, ya wuce Kaduna, inda shi da wani abokinsa Abdulgafar suka yi shekaru suna haɗa wa ofisoshi kwamfuta. Ya dawo gida ne lokacin da zuwa gona ya fara zama abin da ake shawara a kansa. Ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye, ya kama gida a cikin gari, matarsa Suwaibatu ta sa injin niƙa a zaure. Mutum ne mara yawan magana, siriri, kullum da ɗan sukurdireba a aljihun gaba. Aibinsa ɗaya, in aibi ne: yana magana a kan na'ura kamar yana magana a kan mutum.

Shi ya kawo mana dabarar allo. Direbobinmu suna bin hanyoyin Kankara da Faskari da Sabuwa, suna kai 'yan kasuwa Yankara. Duk wanda ya wuce wani wuri sai ya turo ɗan saƙo ta waya: hanya lafiya, ko kuma kada a biyo. Saƙon ya faɗa cikin na'urar Almu, ita kuma ta aika shi zuwa alluna uku masu haske irin na talabijin, ɗaya a kowace tasha. Kafin direba ya tayar da mota sai ya ɗaga kai ya duba. Cikin ɗan lokaci duban allo ya zama mana kamar addu'ar fita daga gida.

Ya taɓa yi mini bayanin yadda take aiki. Na'urar ɗaya ce, amma a cikinta akwai ƙananan kwamfutoci uku da ba a ganin su da ido, kowace tana ɗaukar kanta a matsayin cikakkiyar na'ura, kowace tana kula da tasha ɗaya. Babbar yana ce mata mai masauki. Ƙananan kuma baƙi.

"Ita ke ba su ɗaki da abinci, Akawu," in ji shi. "In baƙo ɗaya ya yi rashin lafiya, sauran ba ruwansu. Amma in mai masauki ya faɗi, gidan duka ya faɗi."

Na ce masa sunan ya dace. A lokacin ban yi tunanin komai ba. Sai dai a wajenmu kalmar nan ta riga ta sami wata ma'ana. Tun da mutanen daji suka matsa, jama'a suka daina kiran su da sunansu, musamman a waya. Sai dai ka ji an ce an ga baƙi a bakin rafi, ko baƙi sun kwana a gonar wane.

Abin ya faro ne a tsakiyar damina, lokacin da dawa ta yi tsawon da za ta ɓoye mutum a kan babur. Sanarwa ta zo wa Almu cewa an fitar da sabon kanel. Kanel, yadda ya fassara mini, shi ne cibiyar manhajar, shi ke raba wa kowane sashe na na'ura aiki. An ce sabon ya toshe wata kafa da ɓarayin intanet ke iya bi. Ya sa shi wata safiya, ya kashe na'ura ya kunna, baƙi uku suka tashi lafiya, ya kulle ɗaki ya tafi shan shayi. Bai gaya wa kowa ba, domin a ganinsa aikin yau da kullum ne.

Bayan kwana kaɗan na'urar ta sandare. Ba ta mutu ba: fitilarta na ci, fankar cikinta na juyawa, amma ba ta amsa komai. Almu ya danne maɓallin wuta har ta ɗauke, ya sake kunnawa, ta tashi kamar ba abin da ya faru. Ya buɗe bayanan da take ajiyewa a kan kanta don ya ga abin da ta ce kafin ta tsaya. Babu komai. Layi na ƙarshe magana ce ta yau da kullum, daga nan sai fili.

"Ko kuka ba ta yi ba," ya ce mini. "Wanga shi ke ba ni tsoro."

Ya fara bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya auna batura, lafiya lau. Ya zaci zafi ne, ya buɗe ta ya share, ya ƙara fanka. Ya bar ta tana gwajin ƙwaƙwalwarta na tsawon wuni, ba a sami kuskure ba. Ya canza wayar wuta. Ta sake sandarewa. Ya zaci yawan saƙonni ne ke yi mata nauyi, ya rage wa baƙin rabonsu. Ta sake.

Abin da babu wanda ya lura da shi, har shi kansa, shi ne halin allunan. In na'ura ta sandare, allo ba ya yin baƙi. Yana nan da haske, ɗauke da saƙon ƙarshe da ya samu. Allon da ya ce hanya lafiya da safe zai ci gaba da faɗin haka har la'asar.

Ranar kasuwar Yankara, da rana ta karkata, wani direbanmu ya hango babura a gindin wata tsamiya da ke kan kwana. Ya juya, ya turo saƙo kada a biyo. Saƙon bai isa ko'ina ba. A tashar Faskari, Bilya, ƙanen wani direbanmu Rabo, ya ɗaga kai ya ga lafiya, ya cika mota ya kama hanya. An tsinci motar a gefen titi ƙofofi a buɗe. Shi da fasinjoji biyu an shiga da su daji.

Washegari shugaban ƙungiya, Alhaji Gide, ya sa aka rufe allunan da buhu. Almu ya zo da sassafe, ya shiga ɗakinsa. Da hantsi ya fito ya tsaya gindin darbejiyar da ke bayan ofis, inda sabis ya fi ƙarfi, ya kira Abdulgafar a Kaduna. Tagata a buɗe take, na ji abin da ya ce.

"Baƙin uku suna ciki har yanzu. Yau zan fitar da na Faskari, in bar na Sabuwa ya kwana. A'a, ba wanda zai lura, an rufe alluna. In abin ya sake faruwa sai in fitar da su duka mu gani."

Ni na san abin da yake nufi. Amma a bayan darbejiyar akwai wata mota da aka ɗage gabanta, Rabo kuma yana kwance a ƙarƙashinta da sifana a hannu. Na ga ƙafafunsa sun daina motsi. Bai fito ba sai da Almu ya koma ciki.

Ba a yi hayaniya ba. Da an yi, da ya fi sauƙi. Mai shayi dai ya fara miƙa wa Almu kofi ba tare da ya dube shi ba. In ya shigo rumfar direbobi, sai hira ta koma ta farashin taya. Matan unguwa suka daina aiko hatsi injin Suwaibatu, ta wuni tana jiran kwano ko ɗaya. A masallaci, wanda ke gefensa a sahu ya ɗan matsa. Sai kuma wasu 'yan sa-kai biyu suka fara zama a kan dakalin da ke kallon ƙofar gidansa, bindigogi a kan cinya, suna cin gyaɗa.

A ƙasarmu babu sunan da ya kai infoma nauyi. Ɓarawo ana kai shi wurin hukuma. Wanda aka ce shi ke ba mutanen daji labari, sau da yawa ba ya isa can.

Na shiga ɗakinsa na rufe ƙofa. Yana durƙushe gaban na'ura, idanunsa sun yi ja.

"Malam Almu, ka san abin da ake faɗi?"

"Na ga mutane a ƙofar gidana. Na zaci don Bilya ne suke fushi, kuma suna da gaskiya."

"Ba shi kaɗai ba ne. Rabo ya ji ka a waya kana cewa za ka bar baƙon Sabuwa ya kwana."

Ya dube ni, bai gane ba. Sai na ga maganar ta isa. Ya zauna a ƙasa daɓas.

"Innalillahi. Akawu, ai ka san baƙina."

"Ni na sani. Rabo ƙanensa yana daji. Cewa ake kai ke tsayar da na'urar ranar kasuwa da gangan."

Na ce masa in yana da inda za shi, Funtua ko Kaduna, ya kwashi iyali ya tafi kafin a kwana biyu.

"In na tahi, na amsa ke nan," ya ce. "Sunan zai bi 'ya'yana. Kuma tsohuwa ba ta iya tafiya." Ya nuna na'urar da haɓa. "Amma dubi wani abu. Jiya na fitar da baƙin duka, na bar ta ita kaɗai ba aikin komai. Na zaci za ta huta. Ko sallar azahar ba ta kai ba ta sandare. Ba ta taɓa yi da wuri haka ba."

"Mi hakan ke nufi?"

"Ni ina neman abin da ke yi mata nauyi. Ashe ba nauyi ba ne. Shiru ne."

Ya bi abin a hankali, ni ma na gane. Ranar kasuwa motoci kan fita da safe, saƙonni su yi ta zuba. Daga hantsi kowa yana Yankara yana ciniki, ba mai turo komai. A cikin wannan shirun take sandarewa. Ya kira Abdulgafar, wannan karon daga cikin ɗaki da murya ƙasa-ƙasa, suka yi ta bincike. Suka gano cewa sabon kanel yana barin ƙwaƙwalwar na'ura ta shiga barci mai nauyi in ba aiki, don a rage shan wuta. Sababbin na'urori suna farkawa daga irin wannan barcin. Tamu tsohuwa ce, wani lokaci takan farka, wani lokaci ba ta farkawa. Tsohon kanel bai taɓa barin ta ta yi nisa haka ba, kuma yana nan a ajiye a cikinta, ba a goge shi ba.

"Sai ka mayar da tsohon mana," na ce.

"In na mayar yanzu ta warke, za a ce na ji an gano ni ne na daina. Sai sun ga ta faɗi da kanta, hannuna ba ya kusa."

Alhaji Gide ya kira zama a ofishina da rana. Akwai Rabo, akwai shugaban 'yan sa-kai na unguwar, wanda kowa ke kira Kwamanda, akwai manyan direbobi. Almu ya yi bayani a tsaye, hularsa a hannu. Ya faɗi mene ne mai masauki, ya faɗi su wane ne baƙi.

"Wato injin ma barcin rana yake yi, kamar Akawu bayan tuwo?" in ji Alhaji Gide. Wani ya fara dariya, ya ga ba mai taya shi, ya haɗiye.

"Baƙi," in ji Rabo. "Duk kalmomin duniya, ka rasa wadda za ka sa sai baƙi?"

"Haka masu sana'ar ke ce musu, Malam Rabo. Tun kafin abin ga ya same mu."

"To mu nan abin ya same mu."

A ƙarshe Kwamanda ya sa baki. "Ka ce za ta tsaya da kanta. In ba ta tsaya ba fa?"

"Za ta tsaya, in Allah ya yarda."

"Na ce in ba ta tsaya ba."

Kowa a ɗakin ya san amsar.

Aka shirya gwajin washegari da safe. Aka gaya wa direbobi kada kowa ya turo saƙo, a yi ta kiran juna da baki. Almu ya kunna na'ura, ya juya ɗan gilashin da take nuna rubutu a kai ya fuskanci taga. Gilashin baƙi ne, sai wani ɗan farin ɗigo a kusurwa da ke ƙyaftawa.

"Muddin yana ƙyaftawa, tana da rai," ya ce.

Kwamanda ya kulle ƙofar ya sa makulli a aljihu. Alhaji Gide ya karɓi wayar Almu, ya cire mata batir. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakiyar fili inda kowa ke ganin hannuwansa, 'yan sa-kan nan biyu suka zauna a bayansa.

Na yi shekaru a tashar nan, ban taɓa jin ta yi shiru irin na ranar ba. Masu tallar rake suka ja baya. Mutane suka riƙa zuwa taga ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa, su dawo su ce yana ƙyaftawa. Hadari ya haɗu ta gabas bai zubar ba. Almu yana jan carbi. Na san addu'ar da yake yi, kuma ban taɓa jin mai gyara ya yi irinta ba: roƙo yake abin da yake kula da shi ya lalace.

Hantsi ya wuce. Aka kira azahar, aka yi salla a filin, ba wanda ya tafi masallaci. Ɗigon yana ƙyaftawa. Ɗaya daga cikin 'yan sa-kan ya gyara zama. Suwaibatu ta aiko da abinci, kwanon ya zauna a gefen tabarma ba a buɗe ba.

"Malam," in ji Rabo daga bakin taga, "yau mai masaukin naka ya sha shayi ne? Ko kuwa sai ka taɓa shi yake barci?"

Almu ya ci gaba da jan carbinsa.

Inuwar darbejiya ta fara miƙewa gabas. Kwamanda ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce wa Alhaji Gide wani abu a kunne, Alhaji ya girgiza kai yana cewa a ƙara haƙuri. Rabo ne har yanzu a taga, ya kama ƙarfen tagar da hannu biyu. Sai na ga ya daɗe bai juyo ba. Ya matsa fuskarsa ga ƙarfen.

"Alhaji," ya ce, muryarsa ta canza. "Zo ka gani."

Ɗigon yana nan, fari, a tsaye cak. Aka buɗe ƙofa. Kwamanda ya danna maɓallan rubutu da yatsa ɗaya, ya sake dannawa da ƙarfi. Fanka na juyawa, fitila na ci, ba abin da ya motsa.

Aka kira Almu. Ya ƙi taɓa komai. Ya ce Alhaji Gide ya danne maɓallin wuta da kansa, ya sake kunnawa. Layuka biyu suka fito a gilashi.

"Na sama shi ne sabon, Alhaji. Ka sauko na ƙasa, ka danna."

Alhaji ya yi. Na'ura ta tashi a kan tsohon kanel, baƙi uku suka biyo ta. Aka sake kulle ɗakin, makulli ya kwana wurin Kwamanda, ya sake kwana, har mako ya zagayo. Ɗigon bai tsaya ba. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, shirun hantsi ya zo ya wuce, bai tsaya ba. 'Yan sa-kan suka bar dakalin ƙofar gidansa ba tare da sallama ba, kamar yadda suka zo.

Da aka mayar masa da makulli, Almu ya ɗaure na'urar a kan tsohon kanel don kada ta koma sabon da kanta. Sannan ya tsaya gaban direbobi ya ce akwai abin da gwaji bai wanke shi daga gare shi ba. Tun ranar da ta fara sandarewa ya kamata ya sa a rufe alluna, bai yi ba, yana ganin zai gyara kafin kowa ya sani. Ya ce wannan nasa ne, zai tsaya da shi gaban Allah. Ya sa wa kowane allo agogo mai tafiya a kusurwa, aka kafa doka: in agogo ba ya motsi, ba motar da za ta fita, ko da allo ya ce lafiya.

Bilya ya dawo bayan an yi girbi, ya rame, yana jan ƙafa ɗaya, ba ya iya tuƙi. Ɗaya daga cikin fasinjojin bai dawo ba. Rabo yana duba allo kamar kowa, yana duba agogon, amma bai sake gaisawa da Almu ba. Na taɓa jin yana ce wa wani, wanda ya iya sa inji barci ai ya iya saka masa lokacin barcin tun kafin a karɓe masa waya. Wanda ake gaya wa bai yarda ba, bai kuma musa ba.

Almu yana nan. Matan unguwa sun dawo injin Suwaibatu, ba duka ba. Ya daina waya a gindin darbejiya, kuma ƙananan kwamfutocin nan yanzu ɗakuna yake ce musu, ɗakin Faskari, ɗakin Sabuwa. Tsohon kanel ɗin yana ɗauke da kafar nan da aka ce a toshe, kuma sanarwa tana zuwa masa akai-akai cewa an fitar da wani sabo. Abdulgafar ya ce akwai ɗan umarni da za a rubuta wa sabon don ya hana na'ura yin barci mai nauyi, kusan tabbas zai yi aiki. Na tambayi Almu yaushe zai gwada.

"Kusan tabbas," ya ce. Ya dubi taga, inda ake hango Rabo yana ɗaure buhuna a saman mota. "Ba bana ba, Akawu. Dawa ta fara tsawo."